Tsohon Zoɓon Surajo Legas

Surajo ya dawo Gummi daga Legas a shekarar da aka rufe gidajen giya a jiharmu. Abin da ya dawo da shi jaka ɗaya ce, da farin tawul, da bakin da ba ya rufuwa. Shagona na ɗinki yana kallon ƙofar gidansu, teburin shayin Ɗanmusa kuma yana jikin shagona, don haka duk abin da zan ba ku labari a kunnena aka yi shi, kuma ba da son raina ba.

A faɗarsa, wani ƙaton otal ya yi wa aiki, kuma shi ne mai kula da giyar inabin da Turawa ke sha. Kullum da safe sai ya zauna a bencin Ɗanmusa, ya karɓi shayi, ya jujjuya kofin a hannu, ya cusa hanci a ciki, sannan ya soma.

"Ku nan ba ku iya sha ba. Kuna ɗaukar kofi ku kwankwaɗe awa raƙumi ya ishe rijiya. Can kuwa, Bature ba ya yarda a buɗe mishi kwalba sai an kira ni. In shinshina, in ce mishi wagga ta Faransa ta, kuma shekarar da anka yi ta an yi ƙamfar ruwa. Sai ka ga Bature shina girgiza kai, shina cewa Surajo, kai ba mutum ba na."

"Nan kam ya hwaɗi gaskiya," in ji Ɗanmusa. "To kai ka sha ke nan?"

"Babu irin da ban ɗanɗana ba. Ja, fara, mai kumfa."

"Rage murya. Yanzu wagga magana bulala ta."

Bai rage ba. Sai ma ya miƙe tsaye ya bayyana mana shirinsa. Wai ya yi nazari ya gano cewa abin da ke sa Bature ya zuba kuɗi a kwalba ba wani abu ba ne illa ja, da tsufa, da yanga wajen sha. Ja kuwa muna da shi a zoɓo, kuma halal ne. Abin da ya rage wa zoɓo kawai shi ne a ɗura shi a kwalba, a toshe, a binne shi ya tsufa. In ya tsufa, alhazan Gusau da na Sakkwato za su yi layi da motoci a ƙofar gidansu.

Na ajiye almakashi na ce, "Surajo, zoɓo in ya kwana biyu tsami yake yi."

"Don kuna barin iska ta shiga, Tela. Kai dai tsaya ga wando."

Matarsa Mardiyya ita ce mai zoɓon unguwarmu. Tana ƙulla shi a leda da citta da kanumfari, kuma da shi ta riƙe gidan duk tsawon zamansa a Legas. Ranar da ta tafi barkar haihuwa, Surajo ya kwashe buhun zoɓonta kaf, da sukarinta, ya ɗora babbar tukunyarta a wuta. Da ya ɗanɗana ya ji bai kai na Turawa ba, sai ya ƙara dabino da zuma, ya kuma juye sauran sukarin.

Kwalabe ba su ba shi wahala ba. A bayan wata mashaya da aka rufe a bakin gari akwai su tuli, koraye, ba mai ko kallonsu. Ya ɗebo su a baro da rana tsaka, yana gaisawa da mutane. Ya wanke su da toka da sabulu, ya ɗura, ya toshe kowace da totuwar masara, ya liƙe da kakin zuma. Sannan ya manna musu takardu: wannan Ɗan Anka, wannan Ɗan Bukkuyum, wannan Ɗan Gummi na musamman. Duk daga tukunya ɗaya suka fito. A jikin wata har ya rubuta shekarar da ta girmi matarsa.

Sai rami. Wai a otal ɗinsu a ƙarƙashin ƙasa ake kwantar da kwalabe. Ya kama haƙa a tsakar gida, daf da turken akuyar mahaifiyarsa, Inna Marka. Kafin azahar labari ya zaga cewa Surajo ya ga zinariya a gidansu, mutane suka cika zaure, wani har da kwanon wanke ƙasa. Da suka ji zoɓo za a binne, wani dattijo ya tambayi Inna Marka ko an gwada yi masa rubutu ya sha.

Mardiyya ta dawo ta tarar babu jari, ga kabari a tsakar gida. Duk da haka ta daure. Abin da ya ƙure ta shi ne tambulan ɗinta na gilashi, na kayan ɗakinta, waɗanda ko baƙo ba ta ba ruwa a ciki. Surajo ya kwaso su daga kabet yana koya wa Inna Marka yadda Turawa ke gwara kofi da kofi kafin su sha. Gwarawar farko biyu suka tafi. Washegari da hantsi na ga Mardiyya ta fito da ƙunshinta a ka, ta nufi tashar motar Nasarawa Burkullu, garin iyayenta.

Surajo ya zo teburin shayi ko a jikinsa.

"Ba hushi na gaske ta yi ba," in ji shi. "Ko da za ta hita sai da ta miƙo min kofi guda. Ban taɓa ɗanɗana irinai ba. Marar nauyi, ga wani ɗan ƙamshi can ƙarshen harshe awa na kudancin Faransa. Macen da ta ba ka wanga tana sonka."

Ya yi ta wannan cika baki har tuwon Inna Marka ya fara gundurarsa, ɗakin ya yi masa faɗi. Mu da muke kallonsa mun san yana son matarsa, don ya rame, kuma ya daina shinshina shayi. Ya shirya ya tafi biko.

Surukinsa Malam Namadi manomi ne mai kaifin harshe, ba ya dariya sai da dalili. Surajo ya dawo ya ba mu labarin yadda suka yi, yana murna kamar an ba shi sarauta. Wai Malam Namadi ya ce ba zai mayar da 'yarsa gidan da miji ke binne abincin matarsa ba, sai ya ga sana'ar da idonsa. Zai zo Gummi ranar kasuwa ta bayan sallah, tare da Mardiyya. In abin ya gamsar da shi ta zauna. In bai gamsar da shi ba, motar da ta kawo su ita za ta mayar da su, kuma kada Surajo ya sake taka masa zaure.

"Ka ga an ba zoɓona lokacin tsuhwa ke nan," in ji Surajo.

Bazara ce, irin wadda ƙarfen keken ɗinki ke ƙona hannu. Wata rana muna zaune sai muka ji fau daga cikin gidansu. Inna Marka ta fito zaure da salati, tana cewa an yi harbi a ƙarƙashin ƙasa. Surajo ya bi ta yana kwantar mata da hankali.

"Inna, numfashi yake yi. Duk abin da ke da daraja sai ya yi numfashi."

"Abin da anka binne in ya yi numhwashi, ai gudu aka yi, ɗan nan."

Daga ranar ya shiga abin da ya kira duba aiki. Kullum sai ya ciro kwalba guda ya gwada. Ya ce a ƙa'ida ba a haɗiyewa, kurɓa ake a wasa da shi a baki a tofar. Amma da alama maƙogwaronsa bai san ƙa'idar ba. Wata la'asar ya shigo shagona idanunsa na ƙyalli, ya rungume ni ina tsakiyar ɗinki.

"Tasi'u, ka san ina ƙaunarka? Tun muna yara nike so in hwaɗa maka."

"Lafiya?"

"Lahiya lau. Dubi atamfar ga. Wa ya zana tsuntsayen ga? Allah shi yi mai albarka, shi da iyayenai."

Ya zauna ya yi wa atamfar dariya har da hawaye, sannan ya yi wa Mardiyya kuka kaɗan, sannan ya ba ni aikin wani ɗan ƙyalle da ake ɗaurawa a wuya mai kama da malam-buɗe-littafi. Na ce masa anya zoɓon nan lafiya yake? Ya ce farin cikin nasara ne, ni da ban taɓa yin nasara ba ba zan gane ba. Na ɗinka masa da ragowar shafin aljihu.

Ranar kasuwa ta zo. Ya share ƙofar gida, ya shimfiɗa tabarmi, ya aro teburin Ɗanmusa. Ya gayyaci mai unguwa da limamin masallacinmu don su sa albarka. Tun hantsi ya kwaso kwalaben daga rami ya jera su a rana, wai don launin ya fito, yana ɗaga kowace yana girgiza ta ya ga ko ta kwanta. Suka sha rana har bayan azahar.

Malam Namadi ya iso cikin farar babbar riga sabuwa fil, wadda ya yi sallah da ita. Mardiyya ta wuce ciki wurin Inna Marka, ko kallon teburin ba ta yi ba. 'Yan kasuwa da suka ga taro suka tsaya, har kan katangar maƙwabta akwai mutane.

Surajo ya fito da farar riga, malam-buɗe-littafi a wuya, tawul a rataye a hannu. Ya raba wa manya ragowar tambulan ɗin Mardiyya, ya ajiye wa kowa tasa a gabansa.

"Tasar ta mi ta?" in ji Malam Namadi.

"Ta tohi ta, Baba. Da farko za ka juya kofin. Sannan ka shinshina."

"In shinshina abin da anka ba ni? Ni kare na?"

"Haka manya ka yi can. Sannan ka kurɓa, ka kurkure baki, ka tohe cikin tasa."

"Tun daga Nasarawa na biyo wagga hanya, ƙashina duk ya kwance, don in zo in tohe abin sha gaban jama'a?"

"Baba, in ka haɗiye ba ka jin ƙasar. Wanga Ɗan Bukkuyum na, na wajenku. Za ka ji ƙamshin gonarka a ciki."

"Gonata taki na zuba mata."

Liman ya yi gyaran murya ya ce a buɗe da bisimilla. Surajo ya ɗauko kwalbar da ta girmi matarsa, ya goge ta da tawul, ya nuna wa kowa takardar, ya ɗan karkata bakinta wajen manya don girmamawa. Ya sa wuƙa ya kankare kakin.

Bai ma taɓa totuwar ba. Da kanta ta tashi, ta wuce ta ɗauke hular mai unguwa ta jefa cikin kwata. Jan kumfa ya biyo bayanta kamar an fasa famfo, ya sauka a ƙirjin Malam Namadi, ya gangara har cinya. Surajo ya sa babban yatsa ya toshe, abin ya rabu biyu, rabi ya sami gemun liman, rabi ya sami shi kansa a ido.

"Mai kumfa na," in ji shi yana murza ido. "Shi ya hi tsada."

Sai wari ya tashi. Ɗanmusa, wanda kowa ya san ya yi ƙuruciya mai zafi kafin ya tuba, ya ɗaga hanci ya ja baya.

"Jama'a, wanga wari na san shi. Dauri, kahin Allah shi shirye ni. Wanga ko burkutu ta gan shi sai ta gaishe shi."

Kamar sauran kwalaben jira suke a faɗi sunansu. Ɗan Anka ya tashi, Ɗan Gummi na musamman ya amsa, sai suka kama gaba ɗaya, totuwa na shawagi ta ko'ina. Masu kallo suka watse, na kan katanga suka dira cikin gidan mutane, mai unguwa ya shige ƙarƙashin teburin da ake harbin daga kansa. Ni dai na rufe fuska da tasar tofi, kuma ita ce kaɗai ta yi amfani a ranar.

Da abin ya lafa, sai ga akuyar Inna Marka ta fito daga zaure. Ashe ta tsinke ta faɗa ramin, ta lashe abin da ya zube a ciki. Ta taho tana haɗa ƙafafu, ta tsaya gaban liman ta yi masa kallon raini, ta zauna a kan tabarmarsa ta yi gyatsa, barci ya kwashe ta. Bayan wannan ba wanda ya sake tambayar ko mene ne a kwalaben.

Mai unguwa ya fito, kansa ba hula, ya ce kada kowa ya tafi. Ya ce maganar ba ta wasa ba ce: an haɗa giya a unguwarsa, a cikin kwalaben mashaya, an kuma miƙa wa liman kofi. Liman ya matse gemunsa ya ce hukunci yana bin sani. Wanda zoɓo ya lalace masa bai sani ba, asara ce ta same shi. Wanda kuwa ya san abin da yake haɗawa, sai a miƙa shi gaban alƙali.

"Ya sani mana," wani ya ce daga baya. "Kullum shina hwaɗi babu irin da bai sha ba a Legas."

"Ja, fara, mai kumfa," wani ya ƙarasa masa.

"Tohewa nike yi," in ji Surajo, muryarsa ta koma ta yaro.

Malam Namadi ya miƙe, rigarsa na ɗiga kamar wanda ya fito daga mahauta. Bai ɗaga murya ba.

"Ni ba ruwana da alƙali. Ina iya barin ɗiyata ga wawa, don wauta ba zunubi ba ta. Amma ba ni barinta ga mashayi ko kwana guda. Ka hwaɗa min wanne na kai, mota na jiranmu."

Na ga Surajo ya kalli jama'a, ya kalli asabarin zaure inda ake hango ƙafafun mata. Tausayinsa ya kama ni, don na san abin da ya fi ƙauna a duniya bayan Mardiyya shi ne labarin Legas. Ya kwance malam-buɗe-littafin daga wuyansa.

"Baba, kohuna nike wankewa. Bayan madahi. Ko ɗakin cin abincin ban taɓa shiga ba, ta ɗan gilashin ƙohwa nike leƙe. Bature guda da ya taɓa yi min magana, bayi yake tambaya. Ban san ɗanɗanon giya ba, ban san yadda aka yin ta ba. Ban san komi ba."

"Da bakinka ka ce ka sani, da bakinka ka ce ba ka sani ba," in ji liman. "Kana da shaidun jahilcinka?"

Ban taɓa ganin mutanen unguwarmu sun ba da haɗin kai irin na ranar ba. Layi aka yi. Ɗanmusa ya shaida cewa ya taɓa mance sa masa sukari a shayi, ya shanye ya yaba. Ni na ba da labarin atamfa. Dattijon nan mai maganar rubutu ya ce shi tun ranar rami ya gane. Inna Marka ta leƙo ta ce ita ta haife shi, kuma tun yana goye ba a taɓa zarginsa da sanin abin da yake yi ba. Duk wanda ya gama, Surajo sai ya ce, "Allah shi saka da alheri."

Malam Namadi bai motsa ba. Ya ce waɗannan duk maƙwabta ne, suna iya rufa masa asiri. Sai murya ta fito daga bayan asabari.

"Baba, in yi magana?"

"Yi, Mardiyya."

"Ranar da zan tahi gida, haushi ya sa na ɗebo ruwan da na wanke tukunyar zoɓo da shi, har da toka a ciki, na zuba mishi a kofi. Ya juya, ya shinshina, ya shanye. Ya ce min na kudancin Faransa na."

"Ya hwaɗa muna," in ji Ɗanmusa. "Ya ce marar nauyi na."

Dariyar da aka yi har akuya ta farka. Malam Namadi ya yi ta fama da fuskarsa, daga baya ya sake ta, kafaɗunsa na rawa a cikin jiƙaƙƙiyar riga.

"Na gamsu. Wanga wawa na tsantsa, ba gauraye. Mardiyya, koma ɗakinki. Kai kuma ka cike ramin ga yau, ka maida mata buhunta da kohunanta, kuma in ta dahwa zoɓo, iyakarka ɗaukar kula zuwa kasuwa."

Liman ya ce a zubar da abin da ya rage a wanke wurin. Surajo ya bi layin shaidunsa ɗaya bayan ɗaya yana ba su hannu biyu, yana godiya, fuskarsa ja da zoɓo, bakinsa har kunne.

Ana cikin naɗe tabarmi sai wata kwalba da aka manta a rami ta yi fau, ƙarar da ta fi duk na baya. Surajo ya tsaya da tsintsiya a hannu, idonsa ya yi haske, ya juyo wajenmu.

"Kun ji wagga? A Legas irin wagga ita aka aje ma..."

"Surajo," in ji muryar bayan asabari.

"Na'am. Ban san komi ba."

Ya sunkuya ya ci gaba da shara.